Gefe, Gwiwa, Sai Sama

Na ga ƙorafinku. Masu cewa soyayya ta ɗauke ni na manta da ku, da masu tambayar kalar da za a saka ranar biki, duk na karanta, amsawa ce ta gagare ni. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni ranar Asabar, don na rasa wanda zan faɗa wa a gidanmu.

Ga waɗanda suka shigo yau, ni ce mai gashin yara. Shekarata ashirin da tara, shida daga ciki na yi su durƙushe a kan katifar roba a ɗakin gashi na asibitinmu, ina miƙar da gaɓoɓin yaran da jikinsu ya ƙi jin maganarsu. Wani ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, wani jikinsa a sandare, wani kuma laushi ya yi masa yawa har zama ya gagara. Mutane in sun ji gashi sai su ɗauka wuta muke hurawa. Babu wuta. Hannu ne da haƙuri, sai wata ƙatuwar ƙwallo shuɗiya da muke kwantar da su a kai, wadda saboda ita yaran suke kirana Anti Ƙwallo.

Umma ba ta taɓa ƙaunar aikin nan ba. Ba muguwa ba ce, tsoro ne da ita. In na dawo daga asibiti, sai na yi wanka na canja kaya kafin ta bari in ɗauki jaririn Yayata, ko da na rantse mata cewa abin ba ɗauka ake yi ba.

"Na ji, likita," haka take cewa. "Je ki dai ki wanke. Kin ƙare ƙuruciyarki kina ɗaukar wahalar 'ya'yan mutane, naki kuma sai yaushe?"

Wannan "sai yaushe" na sha ta da safe, na sha ta da yamma, har Allah ya kawo Injiniya.

Kun san shi a bakina. Dogo, mai magana a hankali, wanda ko hon ba ya dannawa a hanya. Wata tara da suka wuce na fara ganinsa a bakin ƙofar asibiti, jingine da farar motarsa. Ya ce injinan asibiti yake gyarawa, kuma gaskiya ne, na ga katinsa. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne, wane irin inji ne wannan da ba ya lalacewa sai ranar Talata da ƙarfe goma.

Ya ce min bai taɓa aure ba. Haka ya gaya wa Abba, haka kawunsa ya maimaita ranar da suka zo aka sa rana. Saura sati goma.

Yanzu bari in ba ku labarin Balbela, don ba za ku gane sauran ba sai da ita.

Yarinya ce 'yar shekara huɗu. Ni na sa mata wannan sunan, saboda kullum cikin farar riga ake kawo ta, an goge ta tas, ga ƙafafu sirara dogaye. Kakarta ke kawo ta duk Talata, wata tsohuwa mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. A katin yarinyar, wurin sunan uba an bar shi fili. Da na tambaya, Kaka ta ce uban matafiyi ne, uwar kuma ta tafi tun yarinyar tana wata takwas. Ban ƙara tonawa ba, irin wannan labarin mun saba jinsa.

Ranar farko, Kaka ta sa hannu a hammatarta ta ɗaga ta kai tsaye, yadda kowa ke ɗaukar yaro. Nan take yarinyar ta banƙare, kai ya koma baya, ƙafafu suka harɗe kamar almakashi, ta tsandara kuka.

"Haka take yi kullum," in ji Kaka. "Ba ta son ɗauka."

"Tana so, Kaka. Ɗaukar ce ba ta yi mata ba."

Na nuna mata. Yaro mai sandarewa ba a fizgo shi sama. Sai an fara mirgina shi ta gefe, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ciki, jiki ya saki, sannan a ɗaga. Don tsohuwa ta riƙe, na ƙirƙira mata kalmomi: gefe, gwiwa, sai sama. Da na lura kuma Balbela tana firgita in an taɓa ta ba shiri, sai na ƙara wani abu don ita kaɗai. Kafin komai, a ɗan bubbuga ƙugunta sau biyu da yatsu, ta san ana zuwa. Sai da Kaka ta yi wata guda cur kafin hannunta ya faɗa.

Wata takwas muna fama. Yarinyar da aka kawo min ba ta iya juyi, ta zauna da kanta. Ta riƙe cokali. Ranar da ta dafa ƙarafan tsayuwa na ƙirga mata har goma sha ɗaya, dugaduganta biyu a ƙasa, Kaka ta cire gilashi ta yi ta goge ido da bakin mayafi, ni kuma na shige bayan labule na yi nawa. Ranar na auna ƙafarta aka aika a yi mata takalman roba masu riƙe sawu.

A tsarin aikinmu, in yaro ya kai wannan matakin, mukan je gidansu mu ga inda yake zama, da kujerarsa, da inda zai dafa. Na ce wa Kaka ta ba ni kwatance. Fuskarta ta canja.

"Gidan? Ai gidan ba ya shiguwa, 'yar nan."

"Ba kallon ɗaki zan je ba, Kaka. Minti talatin ne."

"To, sai na tambaya."

Talatar da ta biyo baya ba su zo ba. Ta gaba ma haka. Na kira lambar Kaka har na haddace muryar matar nan mai cewa a kashe take. Adireshin da ke kati kuwa "bayan makaranta" kawai aka rubuta, ko wace makaranta oho. Takalman suka iso, na jefa su a jakata, ina yawo da su ko Allah zai sa mu haɗu a hanya.

Wa kuke tsammani nake kai wa kukana? Injiniya mana. Dama tun farko ba ya gajiya da labarinta. Ga saƙonninmu na satin jiya, na koma na karanta su ya fi sau ashirin.

Shi: *Gimbiya, kin ci abinci?*

Ni: *Na kasa. Yau ma ba a kawo Balbela ba.*

Shi: *Idan yaro ya daina zuwa, me ke faruwa da shi?*

Ni: *Agararta za ta ɗaure. Dunduniya ta daina taɓa ƙasa. In aka yi wata biyu zuwa uku, abin da muka gina ya rushe, wani lokacin sai an kai ga aiki.*

Shi: *Wata biyu ko uku?*

Ni: *Ya danganta. Allah ya isa tsakanina da uban yarinyar nan, ko waye shi.*

Shi: *Ki daina faɗin haka. Ba ki san uzurinsa ba.*

Har murmushi na yi a lokacin. Na ce a raina, ka ji mutumin kirki, wanda bai sani ba ma yana nema masa uzuri.

To, Asabar. Ya ce zai zo gaida Umma da la'asar. Tun safe aka juya falonmu, aka sauke labulen yau da kullum aka rataya masu ruwan zuma, aka fito da kofunan nan masu bakin zinare da ko Abba ba a ba shi shayi a ciki. Yaya ta zo da ɗanta ɗan wata bakwai, wani ƙato mai kumatu, lafiyarsa ƙalau, ta tsaya a kaina sai da na cire baƙar doguwar rigar da na saka.

"Ke kullum kamar mai zuwa ta'aziyya. Saka koriyar nan mai duwatsu a hannu. Ki shafa mai kuma, tafin hannunki kamar na mai faskare."

Na saka koriyar, na yafa farin mayafi, ta zizara min kwalli tana mita. Shi kuma ya shigo cikin shuɗiyar riga mai dogon hannu, da agogonsa mai baƙar fata, da turarensa marar hayaniya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma, ita kuwa baki ya ƙi rufuwa.

Yaya ta kwantar da yaron a kan kafet ta tafi ɗauko tiren shayi. Umma tana ba shi labarin ciwon gwiwarta. Ni ina gefen kujera ina wasa da zoben hannuna. Sai yaron ya fara ƙananan koke-koke, yana harba ƙafa.

"Bari in ɗauke shi," na ce.

"Zauna abinki," in ji Injiniya.

Ya sauko daga kujera ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa. Kansa na wajen Umma, yana amsa mata da "haka ne, Umma", hannunsa kuma yana aikinsa shi kaɗai. Ya miƙa yatsu biyu ya bubbuga ƙugun yaron sau biyu. Ya mirgina shi ta gefe. Ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ciki. Na ga laɓɓansa suna motsi, kuma da yake falon ya yi tsit daidai lokacin, na ji ƙarshen da kunnena.

"...sai sama."

Ya ɗaga shi, ya raba ƙafafunsa ya ɗora a kwankwaso, hannu ɗaya tallafe da ƙasan cinya.

Wallahi na san wannan ɗaukar. Lafiyayyen yaro ba ya buƙatar wannan ɗaukar, babu wanda ke yi masa ita. Na fara nema masa mafita a raina, ko na taɓa faɗa masa kalmomin a hira? Ko da na faɗa, hannu ba ya koyo ta kunne. Wannan hannun ya yi abin nan sau dubu, har ya daina neman izinin mai shi. Bubbuga ƙugu kuwa yarinya ɗaya na taɓa koyarwa dominta a duk shekaruna shida.

"Tabarkalla," in ji Umma. "Kin ga hannun uba ko? Wasu mazan jariri ma tsoronsa suke ji."

Yaya ta shigo da tire tana dariya. "Ai ya fi baban yaron iyawa. Injiniya, a ina ka koyi raino?"

"Gidan yawa na taso," ya ce.

Ya ɗago ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma murmushin ya tsaya masa a baki, ya kalli hannunsa, ya kalli yaron. Sannan a hankali ya miƙa wa Yaya ɗanta, ya karɓi shayi, ya shanye shi har ƙasa yana hira kamar ba a yi komai ba. Wannan natsuwar tasa ta fi komai ba ni tsoro.

Da zai tafi Umma ta ce in taka masa. Muka fito. Titinmu shiru, sai wata mota da ake wankewa can gaba. Da muka isa motarsa na yi abin da ban taɓa yi ba, na kanga hannu a gilashi na leƙa kujerar baya. A ƙasa, an tura shi ƙarƙashin kujera, ga tawul a nannaɗe an ɗaure shi da jan filasta. Ni na naɗe shi da hannuna, na ba Kaka ta riƙa sa wa yarinyar tsakanin gwiwoyi.

"Yaya ƙafar Balbela?" na ce.

Bai yi musu ba. Ya jingina da motar yana juya makulli a yatsa.

"Na san wata rana za ki gane. Na so dai abin ya kai bayan biki."

"'Yarka ce."

"'Yata ce. Kaka mahaifiyata ce."

Mahaifiyar da ya ce min tana jinya a wani gari, shi ya sa ban taɓa ganinta ba. Matar da muka yi wata takwas muna durƙuso tare a kan katifa ɗaya.

"Ka dubi idon Abba ka ce ba ka taɓa aure ba."

"Mata biyu na nema kafin ke, na faɗa musu gaskiya. Ta farko iyayenta suka ce abin a jini yake. Ta biyu ta zo ta ga yarinyar, ta yi mata wasa, ta koma gida ta toshe lambata." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Ranar da na fara kawo su asibiti, na tsaya ta taga. Na ga kin ɗauke ta ba ta yi kuka ba. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin haka ba."

"To ni ka gani, ko hannuna?"

"Ban san yadda ake raba su ba."

Kada ku tambaye ni me ya sa wannan maganar ta sa na ji hawaye. Ina son mutumin nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na haɗiye, don ba ni ce abin tausayi ba a wannan labarin.

"Ka kawo ta ranar Talata. Maganarmu daban, ƙafarta daban."

"Ba zai yiwu ba. In ta dawo za ki je gidan, abokan aikinki su sani, magana ta zagayo ta iso kunnen Umma. Sati goma ne kawai. Ranar da kika shiga gidana, ranar za ta ci gaba, safe da yamma, a hannunki."

"Sati uku sun riga sun tafi. Ka san abin da goma za su ƙara?"

"Na sani. Ke kika gaya min. Ina miƙa mata ƙafar da kaina kullum."

"Ba ka iya ba. Ɗauka ka iya."

Ya sake juya makullin a yatsa. Na ce, "In kuma na shiga yanzu na gaya wa Umma?"

Ya ɗago ya kalli ƙofar gidanmu, ya daɗe yana kallonta.

"Kin fi ni sanin Ummanki. Matar da ke sa ki wanka kafin ki taɓa jikanta. Kafin magariba za ta ce a fasa." Ya buɗe motar. "Ni kuma ba zan iya ci gaba da kai 'yata wurin gidan da aka ƙi ta ba. Kaka dama ta gaji, ta daɗe tana roƙona in bar ta ta koma garinsu da yarinyar. Can ko ƙaramin asibiti sai an yi tafiyar rabin yini."

"Barazana kake min da 'yar cikinka?"

"Ina gaya miki yadda abin yake ne, Gimbiya. Ki gaida Umma."

Ya ja motar a hankali kamar kullum, har da kunna sigina a titin da babu kowa.

Da na koma ciki, Umma da Yaya sun baza samfurin katin gayyata a kan tebur, guda uku, kowanne da sunana da nasa cikin ruwan zinare.

"Zo ki zaɓa," in ji Umma. "Me ya sami idonki?"

"Kwallin Yaya ne."

"Ka ji ta, kwallina ya fi ƙarfinki ne," in ji Yaya. "Kukan daɗi dai."

Umma ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, tana shafa tafin nan mai kaushi. "Na daɗe ban yi barci mai daɗi ba sai kwanan nan. Allah ya dube ki ya ba ki wanda ba shi da wani kwashe-kwashe. Ki huta da wahalar nan, ki haifi naki lafiyayyu."

Na yi niyyar faɗa mata komai. Na buɗe baki, sai na ga ƙarafan tsayuwa a idona, da ƙananan yatsun da suka riƙe su har goma sha ɗaya. Na nuna katin tsakiya na ce wannan ya yi.

A ɗakina na zazzage jaka a kan gado. Takalman suka faɗo, farare, da maɗauri mai ruwan hoda da na zaɓa da kaina. Tsawonsu bai kai tafin hannuna ba. An yi su ne daidai da ƙafarta ta ranar da na auna, ƙafar da ke iya takawa shimfiɗe. In agara ta ɗaure, ba sa shiga, ko an danna.

Wayata ta yi ƙara. Bidiyo ne daga gare shi, daƙiƙa goma sha huɗu.

Wani falo ne mai shuɗin kafet, wanda ban taɓa shiga ba, wanda aka ce nan za a kai ni. Balbela cikin farar riga, ta dafa bakin kujera, hannunsa mai agogon baƙar fata yana riƙe da ƙugunta. Ta kalli wayar, ta karkata kai yadda take yi in za ta haɗa kalma, ta yi ta kokawa da harshenta.

"An...ti. Ƙwal...lo."

Kowa ya ga bidiyon nan fuskarta zai kalla. Ni ƙasa na kalla, don aikina ke nan. Na tsayar da hoton na buɗa shi da yatsu. A kan yatsun ƙafa take tsaye. Dunduniyar dama ta bar kafet da kamar faɗin yatsa biyu, ta hagu ta fara binta.

Ƙarƙashin bidiyon ya rubuta: *Tun safe take tambayarki. Me zan ce mata?*

Yau Litinin. Ban amsa masa ba, ban gaya wa Umma ba, an kai katin wurin bugawa. Da zan tashi daga aiki ɗazu, Sista mai rajista ta ce tunda yarinyar ta yi fashi sau uku, doka ta ce a ba wani yaron ƙarfe gomanta na gobe, akwai masu jira. Ta ɗora biro a kan sunan tana kallona.

Na ce ta bar min shi sati ɗaya. Ta ce sati ɗaya me zai canja?

A dunduniyar Balbela, ƙarin rabin yatsa.